Gidan da Auta Ta Zana

"Gidanki ne mana, Auta. Da gidan wa kike tsammani?"

Gwaggo ce ta faɗa, hankalinta kwance kamar mai tambayar ƙarfe nawa, tana danne gefen takardar zanen da rimot ɗin talabijin don kada ta naɗe. Ɗaya gefen kuma Umma ta riga ta ɗora masa gidan tabarau ɗinta.

Auta ta yi dariya. Ta san halin Gwaggo, ƙanwar mahaifinta, ba ta iya ganin mutum yana farin ciki ba ta ɗan tsokane shi ba. Ta juya wajen Umma don su yi dariyar tare, sai ta tarar Umma ta sunkuyar da kai tana tsintar abin da babu a kan kafet.

Nan ta daina dariyar.

Ita fa alfahari ta zo yi. Tunda ta fara aiki a ofishin masu zanen gine-gine ba a taɓa sakar mata gida sukutum ba, daga a ce ta gyara matakalar da wani ya zana, sai a ce ta daidaita tagogi. Wannan ne na farko da ya fito daga kanta tun daga get har magudanar ruwa, kuma Dakta, mijin yayarta marigayiya, shi ya ba ta aikin da kansa. Shi ya sa ta naɗo takardun ta baje su a falon Umma, ta durƙusa tana nuna musu da bayan biro. Ga falo wanda bangonsa guda duk gilashi ne, a zuge shi ya shige cikin gini, falo da lambu su zama abu ɗaya. Ga tsohon mangwaron da ke filin, ba za a sare shi ba, baranda ce za ta zagaye shi. Ga kicin mai doguwar taga, kina tsaye gaban tukunya ki miƙa hannu ki tsinko lemon tsami.

"Umma, me Gwaggo take nufi?"

Umma ta ja numfashi. "Dakta ya je wajen kawunku tun watan jiya. Ya ce in kin amince yana so ki riƙe masa gidan, ki riƙe masa 'yar. Mu wallahi mun ɗauka kin sani."

"Na sani? Ta ina zan sani?"

"Ta ina?" Gwaggo ta kama haɓa. "Kika tambayi mutum tsayin matar gidan don ki auna kantar kicin, ya ce ki auna da tsayinki. Ke da boko ya ratsa, wannan ma sai an fassara miki?"

"Wasa na ɗauka yake yi! Haka yake tsokanata tun Yaya tana da rai."

"To wasa ya zama gaske."

Auta ta matsa kusa da ƙafafun mahaifiyarta. "Umma, kin fa san da maganar Mai Fulawa. A falon nan ya durƙusa ya gaishe ki, kika sa masa albarka."

"Mai sayar da ciyawa a leda?" in ji Gwaggo.

"Karatun tsara lambu ya yi, Gwaggo. Digiri gare shi kamar ni."

"Digirin ban ruwa. Allah ya yi masa albarka, ni ban ce yaron banza ne ba. Amma ki dubi Balbela."

Balbela 'yar marigayiya ce, shekararta shida. Tana rarrafe uwarta ta rasu, kuma tun daga lokacin duk inda Auta ta cire ƙafa nan take mayar da tata, har aka laƙaba mata sunan saboda yadda balbela ke bin saniya. Gwaggo takan ce an dai yi kara, ba a faɗi wace ce saniyar ba. A bayan Auta ta yi haƙori, a ƙirjinta ta yi ƙyanda. Har gobe in ta faɗi ta kurje gwiwa ba ta kiran ubanta, likita guda, sai Anti.

"Uban nan aure zai yi, ko ke ko wata," Gwaggo ta ci gaba, ta daina wasan yanzu. "In wata ce, kin san halinta? Ranar da yarinyar nan ta wuni da zazzaɓi ba wanda ya taɓa goshinta, me za ki ce wa kanki?"

Hawaye ya ɓalle wa Auta. "Don Allah Gwaggo kar ki yi min haka."

Sai Umma ta ɗago. Idanunta sun yi ja. Ta kama hannun Auta ta riƙe a cinyarta.

"Ban taɓa yi miki dole ba, Auta, ba kuma zan fara da tsufana ba. Kin mallaki hankalinki, kina aikinki. In kika ce a'a, a'a ɗin ce. Roƙonki kawai nake yi. 'Ya'ya biyu Allah ya ba ni, ya karɓi ɗaya, abin da ta bar min ke nan. Ba na so in mutu tana hannun baƙuwa."

Da tsawa aka yi mata, da ta san abin yi, don Auta ba kanwar lasa ba ce, ko a ofis an san bakinta. Amma wa ya taɓa yin gardama da roƙon uwa? Ta kifa kai a gwiwar Umma ta yi ta kuka, takardar zanen ta suɓuce daga ƙarƙashin rimot ta naɗe kanta.

Akwai abin da ba ta faɗa musu ba, kuma shi ya fi ci mata rai.

Gidan nan ba don Dakta aka fara zana shi ba.

A kan bencin da ke rumfar Mai Fulawa aka haife shi, can bakin titi inda yake jera dashensa a baƙaƙen leda. In ta tashi daga aiki takan biya, ta cire takalmi, ta zauna tana zane a cinya, shi kuma yana ban ruwa yana yi mata katsalandan. Shi ya ce gidan da sai ka fita kafin ka ga sama ba gida ba ne, sito ne. Shi ya ce a bar bishiya a tsakiyar baranda. Ita ta ce ba ta yarda da kicin ɗin da za a jefa mace can ƙurya kamar mai laifi ba, sai ya ce to a buɗe mata taga, shi zai dasa mata lemon tsami a gindinta. Har ya ware dashe guda ya sa a tukunyar ƙasa, duk wanda ya taya ya ce ba na sayarwa ba ne.

Su biyun sun san gidan ya fi ƙarfinsu, ko filinsa ba za su iya saya ba. Amma mafarki ba a biya masa haya.

To ranar da Dakta ya kai ta filinsa ta ga tsohon mangwaro tsaye a tsakiya, sai wancan gidan ya faɗo mata a rai. Ta zauna ta gwada wani tsarin daban, ta yaga. Ta sake, ta yaga. Daga ƙarshe ta jawo tsohon zanen ta faɗaɗa shi, ta ce wa kanta gara a gina shi ko da na wani ne, da ya mutu a takarda. Duk mai zane ya san wannan kwaɗayin, na son ganin abin da ya zana ya tsaya da ƙafafunsa. Ba ta gaya wa Mai Fulawa ba. Ta dai ba da sunansa a matsayin wanda zai yi aikin lambun, tana cewa in ya gani zai ji daɗi.

Ranar Litinin ta sami Dakta a ofishinsa na asibiti. Ɗan gidan kwali da ta haɗa masa yana kan teburinsa, kusa da hoton Balbela.

"Injiniya da kanta," ya ce yana murmushi. Da ya ga fuskarta sai murmushin ya tafi. "Zauna, Auta."

Ba ta zauna ba. "Dakta, me ya sa ba ka faɗa min ba? Ka bar ni ina ta rawar kai, ashe kowa ya sani sai ni."

Ya cire tabarau ya murza idanu. "Kunya na ji. Ƙanwata ce ke, tun kina sakandare nake ba ki kuɗin mota. Na rasa ta inda zan fara. Na ce bari in yi miki hannunka mai sanda, in kin ƙi, ba wanda ya ji kunya."

"To ai ban ce na yarda ba."

"Ba ki ce ba." Ya ɗage rufin gidan kwalin a hankali, ya sa yatsa a kan wani ɗan ɗaki da ke gefe. "Amma wannan fa? Ban ce ki sa shi ba. Kin rubuta ɗakin karatu. Na duba na ga taga ɗaya ce babba tana kallon arewa, ga kanta doguwa ba kujerar hutawa, ga durowoyi masu faɗi marasa zurfi. Na tuna kin taɓa ce min mai zane hasken arewa yake so, don ba ya yawo a kan takarda. Ni kuwa ko da'ira ban iya zanawa ba. Na ce wannan ɗakin na mutum ɗaya ne a duniya. Ranar na je wajen Kawu."

Auta ta jawo kujera. Ta zauna.

Ta rage ɗakuna, ta ƙara ɗakuna, ta sake fasalin gareji har ta gaji, amma ɗan ɗakin nan ko sau ɗaya ba ta yi tunanin cire shi ba. Idonta ya saba da shi har ya daina ganinsa.

"Akwai wani," ta ce. "Kafin kai akwai wani."

"Na ji daga baya." Ya mayar da rufin. "Ba zan ce ban ji zafi ba. In kika ce in janye, zan janye, ba kuma zan raba ki da Balbela ba. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfina. Ta ji ana maganar a gida, ta zo ta tambaye ni ko gaskiya ne Anti za ta dawo wajenmu. Na kasa ce mata a'a. Wannan laifina ne, na ɗauka."

Ta fito daga asibitin tana jin haushin mutumin don ya ƙi zama mugu. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi.

Kwanaki ta yi tana kashe wayar Mai Fulawa, tana tura masa saƙon aiki ya yi yawa. Amma ranar da za a fitar da gidan a ƙasa ba ta da mafaka, dole mai zane ta je, dole mai lambu ya je.

Da hantsi magina suka gama kafa turaku suka ɗaure farar igiya daga wannan zuwa wancan, gidan gaba ɗaya ya kwanta a kan jar ƙasa, ɗaki bayan ɗaki, ba bulo ko ɗaya. Dakta ya zo da Balbela, sannan ya koma can bakin get yana magana da ɗan kwangila. Auta ta san in yarinyar ta shiga guje-guje ta harɗe da igiya, turke zai goce, awon ya lalace. Sai ta durƙusa ta ce mata, "Kin ga igiyar nan? Bango ce. Ba a tsallake bango. Duk inda kika ga an bar fili, nan ne ƙofa, ta nan ake bi."

Balbela ta ɗauki dokar da gaske. Ta yi ta zagaya gidan tana ƙwanƙwasa iska tana sallama.

Sai ga akori-kurar Mai Fulawa ta tsaya a gefen titi. Ya fito da kwafin zanen a hannu, wanda ofis ya aika masa. Bai gaishe ta ba. Ya tsaya a waje da igiya, ya dubi mangwaron, ya dubi layin da ya zagaye shi, ya bi da ido har inda tagar kicin za ta kasance.

Ita tana tsaye a cikin ɗan ɗakin arewa.

"Na ɗauka idona ne," ya ce a hankali. "Na buɗe takardar na ce kai, kama ce kawai. Auta, gidanmu ne wannan."

"Ka tsaya in yi maka bayani."

"Har wurin ajiye butar ban ruwa kin bar masa. Ni na ce a yi wannan lungun, kina yi min dariya."

"Wallahi ban san abin da yake nufi ba lokacin. So na yi kawai in ga an gina. Na ɗauka za ka yi murna."

"Na yi murna," ya ce, ya yi wata dariya mara daɗi. "Kwana ɗaya na yi ina murna. Washegari Gwaggonku ta zo rumfata, ta sayi fulawar da ba ta buƙata, ta zauna a kan bencinki ta ce in ji tsoron Allah in bar marainiya ta sami uwa. Ni ne yau ake haɗawa da Allah a kan marainiya, ni da nake ajiye mata 'ya'yan itace duk ranar da kika zo da ita."

Hawaye ya wanke wa Auta fuska, ba ta ko damu da maginan da ke hutawa a inuwa ba.

"Ban amsa musu ba. Na rantse ban amsa ba."

"Kin ce musu a'a?"

Ta kau da kai ta dubi Balbela.

"Auta, kin ce musu a'a?"

"Umma kuka ta yi min. Ba ka ga idonta ba. Ita kuma waccan," ta nuna Balbela da haɓa, "ta riga ta gaya wa 'yan ajinsu. Ya kake so in yi? In na juya nan wuta, in na juya can wuta. Ko barci ba na yi."

"Ni kuma dutse ne."

"Ban ce ba."

"Ban taɓa ce miki ki bar yarinyar ba. Na ce duk gidan da muka samu, ko ɗaki biyu ne, ɗaya nata ne."

"Ubanta yana da rai, ba zai ba mu ita ba. Kai ma ka sani."

Ya sani. Ya sunkuyar da kai yana naɗe takardar yana warwarewa. Can ya juya ya tafi bayan motarsa, ya dawo rungume da tukunyar ƙasa. Dashen lemon ya girma, ya kai ƙugu, ganyensa sharr. Ya zagaya ta waje har gindin tagar kicin, ya karɓi shebur a hannun wani magini, ya fara haƙa.

"Me kake yi haka?" ta ce. "Ba a dasa komai kafin gini, kai ka fi ni sani. Siminti zai kashe shi."

"Sai a killace shi. Tukunyar ta yi masa kaɗan, saiwarsa ta fara naɗewa. Ya gaji da jira." Ya fasa tukunyar da gindin shebur, ya sa dashen a ramin, ya tura ƙasa da hannu ya danna. "Alkawari na yi zan dasa miki shi a gindin tagarki. Ban ce sai in ni ne mai gidan ba."

"Don girman Allah ka daina."

Ya miƙe ya karkaɗe hannunsa a wando. Idanunsa sun kaɗa, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Sauran aikin lambun su nemi wani, ni ba zan iya ba. Ga motata can. Zan shiga in zauna. In har yanzu ni ne, ki fito mu tafi wajen Umma tare, ki faɗa mata a gabana, duk abin da zai biyo baya mu ɗauka mu biyu. In ba ki fito ba, na gane. Ba zan riƙe ki a zuciya ba, ba kuma zan sake kira ba."

Ya tafi bai waiwayo ba. Ta ji ƙarar rufe ƙofar motar.

Auta ta dubi bakin get. Dakta ya juya baya, ya dage da kallon wata takarda, irin kallon wanda ya ga komai. Ta dubi motar. Tsakaninta da ita ba komai sai fili da igiya guda wadda ko gwiwa ba ta kai ba. Zuciyarta ta ce tafi, in ba yanzu ba sai dai a lahira. Ta tattare bakin siket ɗinta, ta ɗaga ƙafa.

"Anti! Anti, kar ki tsallake, bango ne!"

Balbela ce ta taho a guje, tana bin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka koya mata, har ta iso tana haki ta cafke hannunta.

"Ke kika ce ba a tsallake bango. Nan taga ce kawai. Zo in nuna miki hanya, na san ko'ina."

Ƙafar Auta ta tsaya a sama. Hannun yarinyar ɗumi gare shi, duk ƙasa, kuma ya riƙe ta da irin riƙon da ba ya tsammanin za a fizge.

Ta sauke ƙafar a ciki.

Balbela ta ja ta suka bi ta falo, suka zagaya mangwaro. Kowace kusurwa ƙofa, kusan kowane ɗaki yana buɗewa zuwa lambu, don haka Auta ta zana shi, gidan da ba wanda zai ji an kulle shi. Yarinyar ba ta bi da ita ta ko ɗaya ba. Ciki ta yi da ita.

"Nan ɗakina, nan naki. Kin ga akwai ƙofa a tsakani. In na yi mafarkin tsoro ba sai na kira da ƙarfi ba."

A bakin titi injin mota ya tashi. Ya daɗe yana kaɗawa a wuri ɗaya, kamar mai ba da dama ta ƙarshe. Sannan ƙarar ta fara nisa.

Auta ba ta juya ba. Ta cije leɓe har ta ji gishirin jini.

Balbela ta ja ta zuwa kicin, ta leƙa ta tagar da ba a gina ba, ta ga ɗan bishiyar tsaye cikin sabuwar ƙasa, ga fasassun tukunya a gefe.

"Laa, Kawu Mai Fulawa ya manta itacensa! Anti, to wa zai riƙa ba shi ruwa?"

Auta ta goge fuska da gefen mayafinta.

"Ni," ta ce.